Takardar Yesenia da Ranar Direbobi

Duk direban tirelar da ke bin hanyar birnin Ibagué ya san rumfar Aristóbulo Quiroga, mai facin taya. Shekara ashirin da biyu yana zaune a wannan kwanar titi, hannunsa baƙi ƙirin, bakinsa kuwa ba ya furta kalmar da za ta ɓata wa wani rai. Wannan kunya tasa ita ce ta cuce shi, ni dai haka nake gani.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Yesenia. Shekararta takwas, kalmomin bakinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma ba ta jure ƙara. In abu ya fashe kusa da ita, sai ta toshe kunne ta zabura a guje, ba ta ganin rami, ba ta ganin mota. Makarantar garin kuwa ƙofarta a bakin babban titi take.

Sai da ya yi jigila sau huɗu zuwa birni kafin likitoci da masu kula da ilimi su rubuta mata takardar tallafi. Abin da ke ciki a fili yake: duk ranar da za a yi hayaniya, a kai yarinyar ɗaki mai shiru, babban mutum ya zauna tare da ita har a gama. Aristóbulo ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya haɗa takardar da cuku da ayaba cikin leda, ya miƙa wa shugabar makaranta, Doña Hermencia, hannu da hannu.

"Haba Don Aris, har da ɗawainiya?" in ji ta. "Kwantar da hankalinka. 'Yarka 'yarmu ce."

Ya yi godiya ya tafi. Bai ce a buga masa hatimi a kan kwafi ba, don a wurinsa neman hatimi bayan mutum ya ba ka baki daidai yake da ce masa maƙaryaci.

Wata huɗu suka wuce ba abin da ya canja. Ga shi Yuli ya kama, ranar sha shida kuma bikin direbobi ne. Ranar ake ɗora mutum-mutumin Budurwa Maryamu a kan tirela, motoci su jeru a baya, kowa ya danne hon, ana harba rokokin biki, a bi ta ƙofar makaranta. Aristóbulo da kansa ya sha kunna rokokin nan kafin a haifi Yesenia. Ya san ƙararsu.

Wani direba mai suna Fulgencio, yana jiran a yi masa faci, ya ji labarin ya kwashe da dariya.

"Kai dai gaula ne, maigida! Da cuku ka je? Ina hatimi? Takardar da ba a buga wa hatimi ba ai ba a taɓa kawo ta ba. Ƙila ma da ita aka naɗe sauran cukun."

Aristóbulo bai yi dariya ba. Washegari ya koma da kwafi. Sakatariya ta buga hatimi ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce amsa sai cikin kwana goma sha biyar na aiki. Biki kuwa saura kwana tara. Doña Hermencia ta leƙo daga ofis, fuskarta ba irin ta ranar cuku ba.

"Au, abin har ya kai ga hatimi? To shi ke nan, Don Aris. Za mu bi takarda."

Ya yi tunanin ya bar yarinyar a gida ranar, amma rumfarsa ta fi makarantar kusa da titi, ɗakinsu kuma a bayanta yake. Saboda haka ya raka ta da safe, ya rufe rumfa, ya tsaya a ƙofar makaranta, don mai gadi ya ce iyaye ba sa shiga.

Wajen ƙarfe goma ƙarar ta taso daga gangare. Aka fito da yara bakin shinge suna ɗaga hannu, limamin coci yana yayyafa wa motoci ruwan tsarki. Aristóbulo ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu Yesenia, sai ya ji sanyi a ransa. Sannan ya bi fuskokin malamai. Su bakwai ne a makarantar, duka bakwai ɗin suna nan suna tafi. To, wa ke zaune da Yesenia?

Sai da motar ƙarshe ta wuce aka buɗe masa. Doña Hermencia ta ja shi zuwa ɗakin ajiye tsofaffin kujeru, mai rufin kwano, bangonsa na jingine da titi. Da kwaɗo a ƙofar.

"Ka ga, ba ta gudu ko'ina ba," in ji ta tana juya makulli. "Wanda zai zauna da ita ne ba mu da shi. Ni ma mutum ce, Don Aris."

Yesenia na ƙudundune a ƙarƙashin tebur, siket ɗinta a jiƙe, faratanta biyu sun ɓare wajen yaƙushin ƙofa. Ba ta kuka. Ya kira sunanta sau uku ba ta waiwayo ba.

Shugabar ta miƙo masa biro da wata takarda, wai ya sa hannu an cika sharaɗi. In bai gamsu ba, akwai wata makaranta a El Espinal, tafiyar awa biyu a mota. Ya dubi takardar, ya dubi 'yarsa. Ba shi da wanda zai kai ta can. Ya sa hannu, yana jin tsanar kansa har cikin ƙashi.

Ran Litinin ya taje wa Yesenia gashi ya riƙo ta zuwa makaranta. Suna isa ƙofa ta cafke ƙafar wandonsa da hannu biyu, ta ɗago ta dube shi, ta faɗi magana mafi tsawo da ya taɓa ji daga bakinta.

"Baba, kar ka tafi."

Ƙararrawa ta buga, mai gadi yana jira. Aristóbulo ya durƙusa, ya fara ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana kauce wa biyun da aka ɗaure da bandeji.