Guntun Ganuwar Gonar Nomau

Wata rana wata baƙuwa ta sauko daga farar mota a bakin gonar Malam Nomau.

Garinsu ɗan ƙarami ne, a tsakiyar fili fetal. Ba dutse, ba tudu. In mutum ya taso daga ƙauyen gaba, tun yana ɗan ɗigo ake hango shi.

Abu ɗaya ne ya ɗaga kai sama a wajen: guntun ganuwa.

Kakannin kakanni ne suka gina ta zamanin mahara, mata na jidar jar ƙasa a ka, maza na kwaɓawa. Sauran duk ruwan sama ya cinye. Ɗan abin da ya rage, mai gurbin ƙofa da ramukan leƙen abokan gaba, yana tsaye a gefen gonar Nomau.

Gonar nan kuwa ita ce komai nasa. Gadon ubansa ce, ita ke ci da gidansa.

Baƙuwar ta gaishe shi da ladabi. Ta zagaya ganuwar, ta ɗauki hotuna, ta tambaya wa ya gina ta, wa ke da gonar.

To, Nomau irin mutumin nan ne da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Ya ce bai sani ba. Ganuwa? Tarin ƙasa ne kawai. Mai gona? Ya yi tafiya.

Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya saɓa fartanya ya ba ta baya. Abin da kunnensa ya tsinta kawai shi ne za su dawo bayan kaka.

Su wa?

Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Ya taɓa jin an ce a wani gari an kewaye wurin tarihi da waya, an kori manoman gefensa. Bai san garin ba, bai ma tuna wanda ya faɗa masa ba. Amma ya gama yanke hukunci: gonarsa ake so, ganuwar ce hujja.

Bai je wa mai gari da maganar ba. Shi ma mai garin ai yana cikin waɗanda yake zargi.

Sai ya yi dabara. Ya sa aka yi shela cewa duk mai son jar ƙasar gini ya zo ya ɗiba kyauta.

Amalanke, jakuna, baro. Abin da ya gagari mahara, masu bulo suka gama da shi kafin a yanke gero. Tsofaffi na ta salati, shi kuwa yana jin kansa gwanin wayo.

Bayan kaka farar motar ta dawo, da ma'aikata ɗauke da turaku da igiyar awo.

Baƙuwar ta duba gabas, ta duba yamma.

"Baba, ina ganuwar?"

"Wace ganuwa, 'yar nan? Nan gona ce. Babu abin tarihin da za ku kewaye."

"Innalillahi! Baba, titi za a yi, kuma ta tsakiyar gonar nan ya miƙe. Hoton ganuwar na kai na roƙa a kauce mata, aka yarda a bi ta fako."

"To... a kauce mana."

"A kauce wa me, Baba?"

Nomau ya juya ya dubi filin da ganuwar take a da. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da haushinsa da nake ji.

Yana tsaye aka kafa turken farko a tsakiyar kunyoyinsa.

Darasi: Yin hattara da baƙo ba laifi ba ne, zamanin ne ya zo da haka. Amma ka bari mutum ya ƙarasa maganarsa kafin ka yanke masa hukunci. Kuma abin da ka tarar a tsaye a garinku, kada tsoro ya sa ka rushe shi, ba ka san abin da yake tare maka ba.

Ku tura wa wanda kuka san zargi ya yi masa yawa. In ya tambaye ku me kuke nufi da shi, to lallai saƙon ya je inda ya dace.