Gulbin da ke cikin kwamfutar ɗiyata

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin ɗaga gatari, na yi niyyar sare itatuwan bedi, wato dogon yaro, da marigayiya mai ɗakina ta dasa a bakin gulbi, gefen fadamarmu ta wajen Moriki. Albasata ce ta lalace, abokina kuma, wanda ya fi ni ilimi da aji ɗaya na firamare, ya yanke hukunci: ganyen da ke zuba cikin ruwa shi ke sa shi tsami. Na gaskata. Amma kullum na isa da gatarin sai in tuna bayana na ciwo.

Ana nan ɗiyata ta zo hutu daga jami'a, ta iske ni ina wasa gatarin.

"Baba, ka dakata in tambayi gulbin."

"Yaushe kuka fara gaisawa?"

Ba ta kula ni ba. Ta ɗebi ruwa a kwalabe, na gabanin itatuwan da na bayansu, da ƙasar gaɓa, ta ba direban Ƙaura ya kai makarantarsu awo. Da sakamako ya dawo, sai ta gina gulbi biyu cikin kwamfuta, ɗaya da itatuwa, ɗaya babu, tana tura shekaru gaba tana kallon tsamin kowanne.

Na ce, "Wannan ai duba ne, naku dai sai da caji."

"Lissafi ne, Baba. Tsamin zai ƙaru, amma ɗan kaɗan, ƙasarmu na shanye shi. Wani wurin da wani iccen, yana iya yin ɓarna. Nan dai ba shi ya kashe albasa ba."

"To mi ya kashe ta?"

"Ban sani ba."

Na matso kusa. "Tura shi gaba, har jikokina su yi furfura. Ina ciki?"

"Lissafin nan ruwa kawai yake gani." Sannan ta ce, "Amma itatuwan Inna na nan. Ni na saka su, ɗaya bayan ɗaya."

Na tashi, wai zan duba awaki.

Gatarin na bayan rumbu har yau, ya yi tsatsa. Na lura duk hujjar da na nema ta sara ce, alhali abin da nake roƙo wani ya riƙe mini hannu. Abokina bai sauya ra'ayi ba. Kullum da azahar yana bayyana mini illar bedi, zaune a gindin wanda ya fi inuwa.