Ni Na Hana Yayata Cin Kifi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Ramatu, mai bandar kifi a kasuwar Madarumfa. Kowace shekara idan damina ta kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta a jarida, sai in ajiye alƙalamin. Bana na daure, domin abin da ya same ta ina ganin yana shirin samun wasu matan, kuma ta bakin irin mutanen da suka yi kama da ni.

Ita ta riƙe ni bayan mutuwar mahaifiyarmu. Mijinta, Malam Iro, masunci ne a tafki. Shi zai kamo, ita ta gyara, ta yi banda, ta kai kasuwa, abin da ya rage ya shiga tukunya. A gidan nan ba a ganin nama sai da babbar salla. Da kifin nan aka ciyar da ni har na gama lakwal, wato makarantar boko, na zama malami. Daga ranar ta daina kiran sunana, sai Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, tana faɗa tana murmushi.

Tana da cikin wata huɗu aka tura mu taron malamai a Maraɗi kan kiwon lafiya. Wani mai jawabi ya yi maganar zaiba, ruwan ƙarfen nan da ake kama zinariya da shi. Ya ce idan ta shiga ruwa tana taruwa a jikin kifi, mai ciki ta ci, ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Watakila ya yi ƙarin bayani, ban sani ba, don hankalina ya riga ya tafi gida. Na dawo da takarda guda ta Faransanci, na same ta gaban murhun banda, na karanta mata da ƙarfi kamar ina gaban aji.

Ta ce, "To Mushe, mi zan ci?"

Na ce wake, da ƙwai, da nama. Na jera su kamar a tsakar gida ake tsintarsu. Malam Iro yana gefe yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, ya ɗago kai ya ce, "Kai da mi aka haife ka? Ba da kifin tafkin ga ba?" Na ce masa ilimi ya ci gaba. Har yau ina jin kunyar muryar da na faɗi wannan magana da ita.

Yaya ta zaɓi maganata, saboda ni ne mai takarda. Wata biyar tana juya kifi a kan wuta daga safe zuwa la'asar, ƙamshin yana dukan hancinta, ba ta kai ko tsoka ɗaya baki ba. Tuwo da miyar kuka, sai fura, su ne abincinta, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tafin hannunta ya yi fari. Ta fara ganin jiri idan ta miƙe. Na gani da idona, na ce laulayin ciki ne.

Ta haihu da hantsi a gidan likita, ƴa mace, lafiyayya. Sai jini ya ɓalle. Aka sa ta a mota za a kai ta Maraɗi, ba ta kai ba. Da muka dawo, malamar da ta karɓi haihuwar ta ce jinin Yaya ya yi ƙasa tun kafin naƙuda. Ta dubi Malam Iro ta ce, "Matar masunci, kuma babu jini? Mi take ci?" Ya sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki na ba da labarin takardar. Matar ta dube ni ta ce manyan kifaye tsofaffi masu cin ƴan uwansu, su ake ce wa mai ciki ta rage. Ƙananan kuwa, irin su karfasa, su ne abin da jikinta ya fi buƙata.

Na san ajali idan ya zo babu mai tare shi. Malaman addini sun faɗa mini, na kuma yarda. Babu likitan da ya taɓa ce mini da ta ci kifi da ta rayu. Amma babu wanda ya ce mini akasin haka, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a lokacin da na tsorata ta, ban san kowa a yankinmu da ke wasa da zaiba ba. Yanzu ne ta zo da gaske. Tun da aka fara haƙar zinariya a wajen Ɗan Issa, na ga samari da ita a ƴan kwalabe, suna murza ta da hannu cikin kwano, su watsar da ruwan a ƙasa. Ina yake gangarawa idan an yi ruwan sama? A iya sanina, babu wanda ya zo kasuwa ya tara mata ya ce an auna kifin tafki, ga abin da aka gani. Ga kuma kifin kwali mai ƙanƙara da ake kawowa daga teku, wanda mai sayar da shi ma bai san sunansa ba. Sai dai saƙon murya a waya, wani da ba a san fuskarsa ba yana rantsuwa cewa duk kifi guba ne. Mai hali ya ji ya koma wa naman rago. Matar manomi ta ji ta koma wa tuwo zalla.

Da Yaya tana raye, na san ba za ta tsaya jiran jawabi ba. Za ta ware ƙananan gefe guda domin masu ciki, ta ce manya irin su giwan ruwa a bar wa maza masu ƙaton ciki. Haka nake faɗa wa duk wadda ta tare ni a hanya: ki ci ƙananan, ki ci sosai, babban kuma sai jifa-jifa, sannan ki je awon ciki ki tambaya. Ba na ƙara kai wa kowa rabin magana.

Malam Iro bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Murhun bandarta ya rushe, wurin zamanta a kasuwa wata ce a kai, kuma ƴan matan da ke talla yanzu ba su san sunanta ba. Abin da ya rage nata shi ne yarinyar, wadda aka mayar wa sunan uwarta, tana ajina bana, kaifin kai kamar me. Kwanan baya bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, wane kifi Innata ta fi so?"

Na ce kan tarwaɗa, da yaji mai yawa.

Ta yi dariya ta ce ashe gado ta yi, ta ruga gida. Ban faɗa mata wanda ya hana uwarta shi ba. Ta kusa iya karanta jarida da kanta.