Jageshwar Mai Ɗinkin Fayil da Ƙarar 'Yarsa

Shekara talatin da huɗu Jageshwar Mahto ya yi yana ɗinki a harabar babbar kotun jiharsu, amma ko hula bai taɓa ɗinka wa kowa ba. Takarda yake ɗinkawa. Kayan aikinsa tabarma ce a gindin darbejiya, da basilla, da ƙusar huda, da dunƙulen farin zare da yake goga wa kakin zuma. Ƙara ba ta shiga ofishin rajistar kotu sai an ɗinke ta, saboda haka duk lauyan da ke hura hanci cikin baƙar riga, ta hannun Jageshwar takardunsa suke bi.

Bai iya Turanci ba, ga shi kuwa da Turanci ake rubuta komai. Amma hannunsa ya san bambanci: ƙarar da za ta je gaban alƙali ɗaya, kwafi ɗaya ake ɗinka wa alƙali. Wadda aka ɗaukaka zuwa gaban alƙalai biyu a cikin gidan, kwafi biyu. Magatakardan lauyoyi kuma ba sa iya jira baki a rufe. Suna tsaye a kansa suna zuba, wane ya ci, wance ta faɗi, shi kuwa yana huda yana ji, ba abin da ke zube masa.

Da wannan zaren ya yi wa 'yarsa Sunaina karatu har ta zama malamar firamare a wani ƙauye a hayin kogin Ganga. Ranar da ta fara aiki sai da ya raba alewar laddu har ga 'yan sandan bakin ƙofa. Shekara shida tana koyarwa, yara na sonta, kwatsam aka aiko mata da takardar sallama. Wai kwalejin da ta ba ta shaidar koyarwa ba ta sabunta rajistarta ba a shekarar da ta gama. Laifin kwaleji, amma a kan yarinya aka sauke, kamar ita ke riƙe da hatimin kwalejin.

Ta kai kuka gaban kwamitin sauraren ƙorafin malamai, suka ce babu. Ta zo babbar kotu, alƙali ɗaya ya duba, shi ma ya ce babu. Sai suka ɗaukaka ƙara zuwa gaban alƙalai biyu. Jageshwar da kansa ya ɗinka kwafi biyun, har ya ƙara ƙulli ɗaya a kan yadda ya saba.

Bayan kwana uku lauyarsu, Malti Jha, ta same shi a gindin bishiya, fuskarta ba walwala.

"Kawu, rajista sun ɗora mana alamar tambaya. Sun ce ba lalle ƙarar nan ta ɗauku ba."

"Kamar yaya ba ta ɗauku ba, ranki ya daɗe? Ni fa na ɗinka ta."

Ta tsuguna ta yi masa bayani. Idan kuka aka kawo wa alƙali ɗaya a kan hukumar gwamnati, ana iya ɗaukaka hukuncinsa zuwa gaban biyu. Idan kuwa aikin ƙaramar kotu kawai ya duba, to ƙofar a rufe take, sai Kotun Ƙoli a Delhi. Yanzu lauyan gwamnati zai ce kwamitin malaman nan kotu ne, ita kuma za ta ce reshen hukuma ne kawai.

"Ranar Alhamis za a ji wannan maganar kaɗai," in ji ta. "In muka faɗi, kafin mu ga ƙofar Delhi sun ba wani gurbin Sunaina. Ina buƙatar tsohon hukuncin da zai nuna alƙalai biyu sun taɓa sauraren ƙara irin wannan, na kuwa birkice littattafai ban samu ba."

Tsoro ya kama Jageshwar, irin wanda bai taɓa ji ba. Yinin nan sau biyu yana soka wa kansa basilla. Can da la'asar wani magatakarda ya kawo masa fayil da ruwan sama ya jiƙa, takardun sun kumbura, ƙusa ta ƙi shiga. Yana cikin kokawa da shi sai ya tsaya cak. Ya taɓa yin wannan kokawar, a shekarar da Ganga ya cika ya shigo gari. Fayil jiƙaƙƙe, kwafi biyu, na wani malami gurgu da kwamitin nan ya kora, kuma wani magatakarda, Badruddin, shi ne ya tsaya a kansa yana zagin ruwa.

Badruddin tsohon magatakarda ne, maigidansa lauya ya rasu tuntuni, shi kuma ya koma kiwon tattabaru a saman soronsa a tsohon gari. Washegari da safe Jageshwar ya hau masa, yana haki.

"A'a! Telan takarda!" in ji Badruddin. "Ashe kana nan da ranka? Na ɗauka tuni an ɗinke ka an kai rajista."

"Ban riga ka ba, tsohon banza. Ka tuna malamin nan gurgu, na shekarar ambaliya?"

"Mai tofar da ganyen tauna a bakin ofishinmu? Ina zan manta shi!"

"Alƙalai biyu sun saurare shi ko sun kore shi?"

"Sun saurare shi mana. Har da kifi ya kawo mana."

Da Jageshwar ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, sai tsohon ya bar wasa. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe cike da littattafan da yake rubuta ranakun zaman kotu, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya kai ga lambar ƙarar. Hukuncin bai taɓa shiga littafin lauyoyi ba, shi ya sa Malti ba ta gan shi ba. Yana nan kwance a ɗakin ajiyar kotu, shafi huɗu, an kuwa samo kwafinsa ranar Laraba.

Ranar Alhamis Jageshwar ya sa wankakkiyar riga ya bi Sunaina saman benen kotun. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga ɗakin shari'a ba. A bakin ƙofa ya cire takalmansa kamar zai shiga wurin ibada, dogarin kotu ya danne dariya ya ce, "Kawu, mayar, nan ba a cirewa."

Ya zauna a bencin baya. Lauyan gwamnati ya yi magana mai tsawo yana kaɗa hannu. Malti ta miƙa shafi huɗun nan. Alƙalan biyu suka karanta, suka karkata suka yi ƙus-ƙus, sannan babban ya yi magana a hankali, mai rubutu yana bi. Ko kalma ɗaya Jageshwar bai gane ba. Sai dai ya ji Sunaina ta damƙe hannunsa har ya yi zafi.

Suna fita ya ce, "Mun ci?"

"Ba mu ci ba tukuna, Baba. Amma sun ce ƙarar ta ɗauku, za su saurare mu. Kuma kada a ba kowa gurbina. Ranar Litinin in koma aji har a gama shari'a."

Ya zauna a kan matakala, hawaye na zuba, lauyoyi suna raɓawa suna wucewa.

Ranar Litinin da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Sunaina ce, ta juya wayar wajen 'yan ajinta. Sai ga muryoyin yara kusan arba'in, suna rera jadawalin lissafi da iya ƙarfinsu, wasu na gaba wasu na baya. Magatakarda biyar na tsaye da takardu, ɗaya ya ce, "Kawu, rajista fa za su rufe!"

Jageshwar ya ɗaga masa hannu, ya ƙara manna wayar a kunne.

"Ku dakata," in ji shi. "'Yata na cikin aji."