Farfesar Da Ta Zo A Keke

A shekarar da na fara koyarwa a tsangayar aikin gona a nan Lafiya, babu abin da ya fi haɗin gwiwa da ƙasashen waje yawo a bakin manyanmu. Shugaban tsangayar, wanda muke kira Oga, da shi yake buɗe mitin, da shi yake rufewa. A ganinsa duniya ta daɗe tana jiran iliminmu, adireshinmu ne kawai ba ta sani ba.

Sai ga saƙo ya shigo mini. Wata gidauniya a Turai tana ba da tallafin bincike, da sharaɗin sai masana daga ƙasashe daban-daban sun haɗu. Wata farfesa ta ga ɗan rubutuna kan tsutsar da ke cin riɗi a gonakin Doma, tana so ta zo mu nemi tallafin tare. Na kai wa Oga. Yana ganin Turai da farfesa ya cire tabarau, ya ce a kafa kwamiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga Ngaundare fa take, a Kamaru."

Ya ce, "Malam, da sauranka. Turawa ko'ina suna zama. Aiki ne ya kai ta can."

Kwamitin ya yi aiki tuƙuru, ban da maganar tsutsa. An tsayar da launin anko, an yi wa barandar da za ta bi fenti, an ɗauko masu rawa. Wani abokin aikinmu da ya taɓa yin kwas a waje ya ce Turawa ba sa cin yaji, aka hana mai girki sa ko attaruhu ɗaya. Aka tura mota filin jirgin Abuja, ba tare da an tambayi baƙuwar ta ina za ta shigo ba.

Ranar muka jeru ƙarƙashin rumfa, zafin Lafiya yana dafa mu cikin sabon yadi. Can wata mata mai atamfa da mayafi ta sauka daga keke napep a bakin get, da jaka a baya. Ta samu kujerar roba a layin ƙarshe, aka miƙa mata ruwan leda, tana kallon rawa. Daga baya na ji ta tambayi na kusa da ita wa ake jira, ya ce Baturiya. Ta ce Allah ya kawo ta lafiya. Sai da direba ya dawo da mota wayam ta kira lambata. Na ɗauka, na ji muryar a kunnena da kuma bayana.

Na raɗa wa Oga. Ya dube ta, ya dube ni kamar ni na canza ta a hanya.

"Malam, ka tabbata?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

Jawabin maraba an riga an buga shi, don haka ya karanta yadda yake. Ya gode mata da ta tsallako teku ta baro sanyi saboda mu. Ita kuwa ta Yola ta biyo a motar haya, ruwan da ta tsallaka Binuwai ne. Ta amsa da Hausa mai ɗan karin Fulatanci, ta ce tsutsarsu da tamu iri ɗaya ce, har ta fi mu saurin tsallaka iyaka. Wajen cin abinci ta ɗanɗana miyar, ta tambaye ni a hankali ko akwai marar lafiya a cikinmu.

Washegari Oga ya tuna da wani mitin a Abuja. Aka bar ni da ita muna yawon gonakin Doma da rana, muna tsinto tsutsa a kwalba, da yamma mu rubuta takardar neman tallafi. Ta jan layi a ƙarƙashin duk wata babbar kalma da na sa don burgewa.

Da labari ya zo gidauniyar ta amince, Oga ya tara mu ya ce shi tun da can yake cewa Afirka ta dubi maƙwabtanta. Muka tafa. Ya sa sunansa a farkon masu zuwa taron buɗe aikin, har ya ba tela ɗinkin kwat. Da na gaya masa a Ngaundare za a yi, kuma a mota za a je, sai ciwon gwiwarsa ya tashi.

Ni kaɗai na tafi, a matse a kujerar baya, da akwatin kwalabe a cinya. A bakin iyaka wani jami'i ya tambaye ni me ke ciki. Na ce tsutsa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya tambayi aikina. Na ce malamin jami'a ne. Ya rufe akwatin, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ba ni hanya.