Sunan da Na Share Bayan Rasuwar Yaya Rabi

Shekara biyar ke nan cur da muka kai Yaya Rabi makwancinta a nan Konni, amma har yau ban iya zama a kujerarta ta gaban aji ba. A tsaye nake koyarwa. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta koya mini rubuta shirin kwamfuta bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, ina ta gararamba a gari. Daga baya muka zama abokan aiki a wata ƙaramar cibiya da ke koya wa matasa wannan sana'a.

Da ɗalibai suka yi yawa, ayyukansu suka riƙa ɓacewa a cikin wayoyi da kwamfutocin aro, sai ta zauna ta haɗa wata manhaja da ake buɗewa ta intanet. Kowane ɗalibi da sunansa a jerin aji, a ƙarƙashin sunan kuma akwai ma'ajiyar aikinsa, wadda take kira rumbu. Duk layin da ya rubuta, duk gyaran da ya yi, da ranar da ya yi shi, suna nan ciki. Ko daga Illela mutum ya samu rezo, wato sabis ɗin waya, zai iya tura aikinsa ta duba.

A kan wannan jeri muka fi yin faɗa da ita. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne. Ruwan farko na sauka sai aji ya ragu, in an gama girbi kuma wasu su tafi cin rani. Jerin ya cika da sunayen mutanen da muka yi watanni ba mu sa su a ido ba. Na ce mata mu share su mu huta. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wanga bai bari ba, gero yat tahi nomawa. Ran da yac ce da bakinai ya bari, sannan ka share." Na ce wannan tausayi ne kawai, ba tsari ba. Ta ce to, in bar ta da tausayinta.

Ciwon 'yan makonni ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Da na koma aiki bayan arba'in, ba na iya zama wuri ɗaya. In gyara wannan, in kawar da wancan. Ran nan da hantsi na buɗe jerin, na bi duk wanda ya shekara bai turo komai ba, na share sunansa da rumbunsa. Manhajar ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, domin haka Yaya ta tsara ta, na ce na tabbata. Babu wanda ya sa ni. Ina jin abin da nake so shi ne in ga wani abu ya yi daidai a hannuna.

Shekara biyu bayan haka wani mutum ya yi sallama a ƙofar aji. Alhasan ne, wani tsohon ɗalibinmu magidanci daga Tajaye, wanda kafin ya tafi cin rani yake rubuta shirin da zai tsara wa masu lambun albasa ranakun ban ruwa, don a daina rigima a bakin rijiya. A hanya ya ji rasuwar. Ya yi mini gaisuwa, muka yi addu'a, sannan ya ce, "Malam, buɗe mini rumbuna. Can inda nike na gano inda ni yi kuskure."

Na daɗe ina kallon allon kwamfuta kamar mai neman wani abu, alhali na san babu. Da na gaya masa gaskiya, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama ta ce mini ko shekara nawa ni yi, zan iske shi." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Na bi shi har bakin titi ina cewa za mu sake daga farko, ya ce ba komai, Allah ya sa haka shi ne alheri.

Tun daga ranar nake ta tambayar kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga yadda abubuwa suka koma. Yanzu ɗalibi sai ya roƙi manhajar da ke rubuta shiri da kanta, ya turo aiki gaba ɗaya, tsaf, babu ko kuskure ɗaya. Ita kuwa kuskuren take bi. Takan buɗe rumbun yaro ta ga inda ya tsaya kwana uku, ta ce a nan yake buƙatata. Ina jin ba za ta hana su ba, domin ba ta tsoron sabon abu, amma za ta zaunar da kowa ya bayyana mata layi bayan layi. Shugaban cibiyarmu kuma yana so mu koma wata babbar manhaja ta zamani, wadda ke cire ɗalibi da kanta in ya yi 'yan makonni bai shigo ba. Ta fi tamu sauri da kyau, ban musa ba. Sai dai wanda ya tsara ta bai san damina ba. Na ce masa ba zan amince ba sai an kashe wannan ƙa'ida, kuma har yanzu muna kai ruwa rana. (Ni da na fi kowa son sharewa.)

A watan jiya na ji labarin Alhasan yana lodin siminti a Malbaza. Na hau mota na tafi. Na iske shi a inuwar wata babbar mota, fari fat da ƙurar siminti, yana cin abinci. Na ce masa na zo neman gafara, kuma na mayar da sunansa cikin jerin. Ya ce, "Rumbun hwa?" Na ce babu komai a ciki. Ya yi 'yar dariya, ya ce abin yana nan a kansa, in Allah ya kai mu bayan girbi zai leƙo. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba.

Na san manhajar Yaya ba za ta daɗe ba. Ta tsufa, kuma ni kaɗai na san yadda ake gyara ta. Gidanta an raba, littattafanta 'ya'yanta sun kwashe. Abin da ya rage nata shi ne mutanen da suka yarda cewa in sun tafi, za a ajiye musu wurinsu, kuma ɗaya daga cikinsu ni na karya masa wannan yarda da hannuna. An fara yankan gero a Tajaye a makon nan. Sunan Alhasan yana layi na huɗu, kuma kowace safiya shi nake fara dubawa.

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya sa ta huta. Ni dai ban huta ba tukuna.