Lubabatu, Mai Furen Tungar Kanya

Ranar Talata, takwas ga watan Oktoba, 2024, da hantsi, ina cikin aji ina nuna wa ɗalibai yadda ake zana inuwar tulu, sai wayata ta yi ƙara. Malam Bashiru ne, mijin aminiyata. Bai ja magana ba, ya ce, "Zulai'atu, Lubabatu ta cika." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An yi wa Dakta Lubabatu Magaji sutura bayan sallar la'asar a Warra, garin da aka haife ta, bayan jinyar ciwon ƙoda da ta yi fama da shi.

Luba, waɗanda suka san ki a jami'a za su yi rubutu a kan ki a matsayin malamar ilimin tsirrai, kuma sun fi ni sanin wannan fannin. Ni abin da na sani shi ne ƙawar da muka haɗa gado da ita a makarantar kwana a Yelwa, wadda ƙarƙashin katifarta kullum cike yake da ganyaye tana busarwa. Duk ranar duba ɗakuna sai an hore mu tare, ke da laifinki, ni da laifin zama kusa da ke. Muna yankan ciyawar horo kina tsayawa kina faɗa mini sunan kowace ciyawa, har a ƙara mana wani horon saboda jinkiri. Ban taɓa ganin wanda horo yake yi wa daɗi irin ki ba.

Ke kika yi nisa a karatu, ni na tsaya a Yelwa ina koyar da zane, amma ba ki taɓa zuwa hutu kin wuce ƙofata ba. Da mijina ya rasu, kin ajiye aikinki kin zo kin tare a gidana. Ba ki dame ni da wa'azi ba. Kin yi girki, kin yi wa 'ya'yana kitso, kin karɓi masu gaisuwa a ranakun da ba na iya buɗe baki. Da na fita takaba kuma kika ga na maƙale a ɗaki, sai kika zo da anko a leda, kika ce akwai bikin 'yar kawunki a Tungar Kanya, kuma ƙafarki ƙafata.

A wannan tafiyar abin ya faru. Tungar Kanya ƙaramin ƙauyen masunta ne a bakin tafkin Kainji, kuma da damina sai a jirgin ruwa ake isa. Mun cika jirgi maƙil, mata da kwanonin gara, ana ta waƙa. Muna dab da isa sai injin ya mutu, ruwa ya riƙa jan mu a hankali har ƙarƙashin wasu manyan itatuwan maɗaci da suka sunkuyo kan gaɓa. Kowa na kallon mai jirgi yana fama da igiya, ke kaɗai kike kallon sama. Ba zato kika miƙe tsaye. Jirgi ya karkata, mata suka ɗauki salati, ɗaurin kanki da kika ɓata safiya kina gyarawa ya faɗa ruwa ya kama hanyarsa. Ko waiwayarsa ba ki yi ba. Kin kama kafaɗata kina nuna wani reshe, kina cewa, "Zulai, dubi. Don Allah dubi."

Na duba, na ga wani ɗan tsiro maƙale a jikin reshe, na ce kauci ne. Nan take, a tsakiyar ruwa, kika yi mini darasi. Kin ce kauci shan jinin itace yake yi, wannan kuwa zama kawai yake a kan reshe, yana rayuwa da ruwan sama da raɓa, ba ya cutar da mai masaukinsa. Kin ce danginsa ake kira okid, kin san ire-irensu da dama a ƙasar nan, amma ba ki taɓa ganin mai irin wannan furen ba. Mai jirgi ya tsinko miki ɗan reshen furen da gorarsa, ina jin don ki zauna ne kawai.

A gidan biki kika sa shi a kwanon sha da ɗan ruwa, kika ajiye a bayan randa, muka shiga gaida amarya. Muna fitowa muka tarar da wata jar akuya tana lasar baki a kan kwanon. Kin tsaya kina kallonta, ita ma tana kallonki tana tauna. Na zaci kuka za ki yi. Sai kika ce, "To, a duk duniya ita ce ta fara yin bincike a kansa." Ranar na yi dariyar da ban yi irinta ba tun rasuwar mijina. Washegari ruwan sama ya hana mu komawa wurin, ranar da muka samu komawa kuma furannin sun riga sun zube. Haka akuya ta sa kika jira har wata daminar.

Da shekara ta zagayo kika zo da kayan aiki, kika ce ni zan zana miki shi. Na ce ga na'urar ɗaukar hoto a hannunki, me za ki yi da zanena? Kika ce masana ba sa karɓar bayanin sabon tsiro hannu biyu sai da zanen hannu, domin hoto yana ɗaukar abin da ya gani ne kawai, mai zane kuwa yana buɗe fure ya nuna cikinsa. Gaskiya kika faɗa, amma na sani har da son ki fitar da ni daga gida.

Na zauna da furen nan har na san shi kamar fuskar ɗana. Bai fi farcen babban yatsa girma ba. Fari ne, sai leɓensa na ƙasa da ya rabu gida uku, da wani siririn layi a tsakiya mai launin lallen da ya fara kama hannu. A bayansa akwai doguwar wutsiya da ta fi yatsa tsawo, ta lanƙwashe a ƙarshe kamar ƙugiya, a cikinta ruwan zaƙinsa yake. Ganyensa kauri gare shi, saiwoyinsa kuma toka-toka, sun rungume ɓawon itace. Da rana ba ya ƙamshin komai, sai magariba ta gabato yake sakin wani ƙamshi mai kama da na kanumfari. Zanena na farko kin dube shi kin mayar mini. Kin ce, "Kin yi masa kwalliya, Zulai. Ba amarya ba ne. Zana shi yadda Allah ya yi shi." Na sake, na kuma sakewa, kina gefe da ma'auni kina gwada kowane sashe kina miƙo mini soyayyiyar gyaɗa.

A wurinki na koyi cewa ganin sabon abu ba shi ne aikin ba. Kafin mutum ya ce tsiro sabo ne, sai ya gwada shi da duk danginsa da aka taɓa bayyanawa. Kin matse wasu a tsakanin tsofaffin jaridu kin busar, kin jiƙa wasu a kwalba, kin tafi Ibadan kin duba busassun tsirran da aka adana tun kafin a haife mu, kin yi ta musayar hotuna da masana na ƙasashen waje. Akwai lokacin da wani ya rubuto cewa yana jin an taɓa samun irinsa a wata ƙasa. Kin kira ni kina dariya, kin ce idan haka ne mun sha rana a banza, amma dai mun ci kifi. Da aka gwada sosai, sai aka ga na can wutsiyarsa miƙaƙƙiya ce, leɓensa kuma bai rabu ba.

Babbar damuwarki ba daga masana ta zo ba, daga gida ta zo. Itatuwan nan na Kawu Habibu ne, ƙanin mahaifiyarki, masassaƙin jirgi. Maɗacin da ya isa sassaƙa ya yi wuya a yankin, kuma ya daɗe yana kiwon waɗannan da ido. Wata rana muka iso muka tarar an kayar da guda. Kin shiga cikin rassan da aka datse kina tsince tsiron ɗaya bayan ɗaya. Kin kai su Warra kin ɗaure a mangwaron gidan Inna Delu, mahaifiyarki, da yankin tsohon taru. Yawancinsu ba su yi ba. Kin duba gaɓar tun daga Shanga har ƙasan Ngaski, ba ki same shi a ko'ina ba sai a kan waɗannan itatuwan.

Wasu sun ba ki shawara ki kawo takardar hukuma ki hana shi. Kin ƙi. Kin ce da jiragen da ya sassaƙa aka riƙa kai ki makaranta, ba za ki zo masa da takarda ba. Kin je kin durƙusa kin gaishe shi a rumfarsa, kin zauna cikin ɓawon itace yana sassaƙa kina bayani. Kin miƙa masa gilashin ƙara girman abu ya duba furen. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wanga ɗan abu shi ka hana ki barci?" Kika ce shi ne, Kawu. Ya ci gaba da aikinsa. Sai da muka tashi tafiya ya ce, "Na bar miki su har ki ƙare aikinki. Ran da kinka ƙare, ki gaya min." Kin san abin da ya bari ba ƙarami ba ne, shi ya sa daminar da ta biyo kika zo masa da dashen maɗaci cike da jirgi, kuka shuka tare a bayan ƙauye, yana tsokanarki cewa jikokinsa ne za su sassaƙa su.

Ciwo ya fara cin ƙarfinki a lokacin da kike rubuta bayanin. Kina zuwa wankin ƙoda da kwamfutarki a cinya. Na ce ki huta, kika ce ai a kwance kike, wane hutu ne ya wuce wannan. A farkon daminar bana aka amince, bayanin ya fito a mujallar masana tsirrai, da zanena a shafi guda cur. Kin kira ni ba ki ko yi sallama ba, kin ce in zo Warra da yunwata.

Walima kika haɗa a tsakar gidan Inna, da waina da soyayyen giwan ruwa, kina zaune a kujera an jingina miki matashi. A nan kika sanar cewa sunan Inna kika sa wa furen. Kin yi bayani cewa a ƙa'idar masana sai an ƙara wa suna ɗan jela na Latin, don haka Delu ta zama deluae. Inna ta sa aka maimaita mata, ta gwada faɗa, bakinta ya ƙi. Ta ce, "Ɗiya bakwai na haifa, jikoki sun cika gida, babu wanda ya yi min takwara sai haki. Hakin ma an karya min suna." Gida ya kaure da dariya, ke har da riƙe ciki. Amma da aka watse na ga Inna ta je gindin mangwaro, ta daɗe tana kallon 'yan tsiron da suka rayu, ta kuma kafa doka cewa daga ranar kada a sake ɗaure akuya a wurin.

Kawu Habibu ma ya zo walimar. Ya ci ya wanke hannu, ya matso ya ce, "To, Lubabatu, kin ƙare?" Kika ce, "Saura, Kawu. Har yanzu ban san wane ƙwaro ne mai dogon baki yake zuwa shan ruwan wutsiyar nan ba, kuma in babu shi furen ba ya yin iri." Ya girgiza kai yana murmushi, ya ce ke dai tun kina ƙarama ba a raba ki da saura.

Ba ki samu ganin ƙwaron ba. A zaman makoki, ina cikin mata, itatuwan nan suna ta faɗo mini a rai, ina kuma jin kunyar tunanin itace a irin wannan rana. Da Kawu ya shigo gaida Inna, na gaishe shi na sunkuyar da kai, ban tambaye shi komai ba. Ya kai bakin zaure sai ya juyo, ya kira ni da mai zane kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ki gaya wa mutanenta na makaranta su zo su ci gaba. Ni dai ba ta ce min ta ƙare ba."

Ya Allah, ga baiwarKa Lubabatu ta zo gare Ka. Ta ƙare rayuwarta tana duban ƙananan halittunKa da girmamawa, tana kuma kyautata wa bayinKa. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isar mata da lada. Ka saukar da ita a Aljannar Firdausi tare da mahaifinta, Malam Magaji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Delu, da Malam Bashiru wanda ya yi jinyarta da haƙuri, da 'ya'yanta Jabiru da Mufida, da Kawu Habibu da mutanen Tungar Kanya baki ɗaya, da ɗalibanta da abokan aikinta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya raya abin da ta bari, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Zulai'atu Sufyanu
Yelwa-Yauri